Jeep Wrangler a Bayan Motar Tafi-da-Gidanka: Ba Ta da Wuyar Ja, Amma Tana da Nauyi

Duk wanda ya taɓa bin manyan hanyoyin Amurka da Kanada a lokacin hutu ya san yadda ake yawan ganin babbar motar tafi-da-gidanka tana tafe, wata ƙaramar mota maƙale a bayanta, tayoyinta huɗu suna birgima a kan kwalta, babu kowa a cikinta. Idan aka lura da kyau kuma, za a ga cewa sau da yawa ƙaramar motar nan Jeep Wrangler ce. Dalilin jan motar a bayyane yake: gidan da tsawonsa ya kai ƙafa 30 ko 40 ba abin da za a riƙa shiga da shi cikin gari ba ne don sayen kayan abinci, kuma akwai hanyoyin da doka ma ta hana shi bi. A gandun Glacier da ke jihar Montana, alal misali, an haramta wa duk motar da ta wuce ƙafa 21 bin tsakiyar sananniyar hanyar nan ta Going-to-the-Sun. Saboda haka mai motar gida yakan kafa ta a sansani, ya kwance ƙaramar, ya yi yawonsa. Abin da ya rage a duba shi ne ko Wrangler ta cancanci farin jinin da take da shi a wannan aiki, kuma wane ne bai kamata ya saye ta ba.

Kafin a kai ga motar kanta, ya kamata a fahimci dalilin da ya sa ba kowace mota ake iya ja a haka ba. A mafi yawan motoci masu giyar otomatik, famfon da ke watsa mai a cikin giyabos injin ne ke juya shi. Idan aka kashe injin aka ja motar, tayoyi suna juyawa, suna juya wasu ƙarafa na cikin giyabos, amma mai ba ya isa gare su, ko da an bar giya a firi. Tafiyar ɗan nesa kaɗan ba za ta nuna komai ba, amma a doguwar tafiya ƙarafan za su yi zafi su ci juna, kuma direban da ke zaune can gaba, ƙafa arba'in daga wurin, ba zai ji ƙara ko ƙauri ba sai bayan an yi ɓarna. Akwai hanyoyin kauce wa wannan, kamar ɗora tayoyin gaba a kan ƙaramar tirela mai taya biyu, ko ɗora motar gaba ɗaya a kan babbar tirela, sai dai kowacce tana ƙara nauyi, tana kuma buƙatar wurin ajiyewa a sansani, inda fili yake da ƙaranci. Wannan ne ya sa mutane da yawa suka fi son motar da kamfaninta ya rubuta a littafin jagorarta cewa ana iya jan ta tayoyi huɗu a ƙasa.

Fifikon Wrangler ya samo asali ne daga akwatin raba ƙarfi, wato na'urar da ke bayan giyabos wadda ke rarraba ƙarfin inji tsakanin tayoyin gaba da na baya. Wannan akwati yana da nasa firi, kuma idan aka saka shi a can, an raba tayoyi da giyabos kwata-kwata, ta yadda duk gudun da tayoyin za su yi ba abin da zai motsa a cikin giyar. Abin da ya fi burge ni shi ne, da sandar hannu ake yin wannan aiki, wata gajeriyar sanda da ke gefen ta giya, ba da maɓalli ko allon kwamfuta ba. Mutum zai tsayar da motar a wuri mai baje, ya taka birki, ya sa giya a firi, ya kashe inji, sannan ya jawo gajeriyar sandar zuwa harafin N. Sau da yawa tana yin tauri, musamman a motar da ba a saba taɓa sandar ba, sai an sa ƙarfi kafin a ji ta faɗa wurinta. Daga nan sai ya tayar da injin, ya sa ribas, ya ɗaga ƙafa daga birki na ɗan lokaci ya ga motar ba ta motsa ba, ya sake gwadawa da giyar gaba. Idan ta tsaya cik a duka biyun, an tabbatar ke nan. Sai ya kashe injin, ya ja birkin hannu, ya mayar da giya zuwa P, ko kuma ya bar ta cikin giya idan manuwal ce, ya haɗa motar da ƙarfen ja, sannan ya saki birkin hannun. Dole ne a kashe injin kafin a mayar da giya P, domin yin haka injin yana aiki zai iya lalata giyar. Wanda ya saba, aikin ba ya ɗaukar masa fiye da 'yan mintuna, kuma da zarar an gama ba a buƙatar sake tsayawa a hanya don a tayar da inji.

Darajar wannan sauƙi ba ta fitowa sosai sai an gwama ta da abin da masu Honda CR-V suke yi. CR-V ta shekarun baya, har zuwa ƙirar 2014, tana cikin motocin da aka fi ja, kuma mota ce mai kyau ƙwarai, amma tana da sharuɗɗa. Sai an tayar da inji, a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, a tsaya a D, sannan a koma firi daga D ɗin, ba daga ribas ba, a bar injin ya yi aiki na minti uku, a kuma maimaita hakan duk bayan awa takwas na tafiya, ba tare da an wuce gudun mil 65 a awa ba. Babu wani abu mai wahala a ciki, amma kowane sharaɗi ƙofa ce ta mantuwa, kuma mutumin da ya wuni yana tuƙa gida mai nauyin tan goma a cikin iska ba ya rasa mantuwa.

Wani ɓangare na farin jinin Wrangler kuwa ba ƙoƙarinta ba ne, abokan takararta ne suka watse. Motocin Saturn, waɗanda a da suka cika sansanoni, sun ɓace bayan da General Motors ya rufe kamfanin a 2010. Suzuki ya sanar da daina sayar da motoci a Amurka a 2012. Honda ya sauya wa CR-V giya zuwa nau'in CVT, wato giyar otomatik marar matakai, a ƙirar 2015, daga nan ta fita daga jerin waɗanda ake ja. Ƙananan motoci masu giyar manuwal, irin su Honda Fit da Chevrolet Spark, su ma an daina kawo su kasuwar Amurka, ta farko bayan 2020, ta biyu bayan 2022. Motocin lantarki zalla kuma kusan dukkansu kamfanoninsu sun hana a ja su tayoyi a ƙasa. Wrangler dai tana nan tun ƙirar 1987, a yau ana haɗa ta a Toledo ta jihar Ohio, kuma tsarin akwatin raba ƙarfinta bai canza hali ba daga ƙirar TJ zuwa JK ta 2007 zuwa JL da ta fito a 2018.

Inda gizo ke saƙar shi ne nauyi, kuma a nan ne na ga masu saye da yawa suna fara lissafi daga ƙarshe. Wrangler ba ƙaramar mota ba ce kamar yadda ido yake nunawa. Mai ƙofa biyu ta ƙirar JL tana kusan laba 4,000, wato kimanin kilo 1,800. Mai ƙofa huɗu tana tsakanin laba 4,200 da 4,500 gwargwadon kayan da aka sa mata. Ita kuwa 4xe, mai haɗin fetur da lantarki wadda ta fito a 2021, ta haura laba 5,000 saboda nauyin batirinta. Wannan kuwa kafin a sa mata manyan tayoyi da bamba ta ƙarfe da injin jan igiya, abubuwan da masu Wrangler ba sa iya haƙura da su, kuma kafin a cusa mata kujeru da kekuna da sauran tarkacen da suka rasa wuri a cikin babbar motar. A ɗaya gefen, maɗaurin da ke bayan yawancin motocin gida masu amfani da fetur, wato wurin da ake maƙala ƙarfen ja, an ƙayyade masa laba 5,000 ne. Mai saye yakan dubi wannan lamba, ya dubi 4,400 na Wrangler, ya ce ai akwai sarari. Amma lambar maɗauri ɗaya ce kawai daga cikin iyakoki, kuma sau da yawa ba ita ce mafi ƙanƙanta ba.

Iyakar da ta fi muhimmanci ita ce jimillar nauyin da kamfanin shasi ya yarda babbar motar da abin da take ja su kai a haɗe. Ɗauki shasin Ford F-53, wanda aka gina ɗimbin motocin gida a kansa. Akwai nau'insa da aka yarda ya ɗauki laba 22,000 shi kaɗai, amma jimillarsa da abin da yake ja ba za ta wuce 26,000 ba. Idan mai motar ya loda ta har iyaka, da ruwa da gas da abinci da mutane, abin da ya rage masa na ja laba 4,000 ne kacal, ko da an rubuta 5,000 a jikin maɗaurin. Haka abin yake a ƙananan motocin gida da aka gina a kan Mercedes Sprinter: laba 11,030 ita kaɗai, 15,250 a haɗe, ragowar 4,220. Yawancin Wrangler masu ƙofa huɗu sun riga sun tsallake wannan. Mai motar gida da aka gina a kan shasin Ford E-450 ya fi samun sarari, domin tsakanin 14,500 da 22,000 akwai 7,500, muddin maɗaurinsa da ƙarin shasin da aka yi wa bayan motar sun kai haka. Manyan motocin dizal masu inji a baya, waɗanda maɗaurinsu kan kai laba 10,000 ko fiye, su ne Wrangler ba ta dame su ba ko kaɗan. Hanyar da kawai za a san gaskiya ita ce a kai babbar motar sikelin manyan motoci a lode kamar ranar tafiya, a cire abin da sikeli ya nuna daga jimillar da kamfani ya yarda, sannan a gwama da lambar maɗauri a ɗauki wadda ta fi ƙanƙanta. Wannan lamba ya kamata mutum ya riƙe a aljihu kafin ya taka gidan sayar da motoci. Wuce ta ba ya nuna illa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, sai an zo doguwar gangara a tsaunukan Colorado, inda birki yake ɗaukar zafi.

Game da kayan haɗi, Wrangler ta fi kowace mota gata, domin babu kamfanin da ke ƙera waɗannan kaya da bai yi mata nata ba. Blue Ox da Roadmaster da Demco duk suna da farantin ƙarfen da ake ɗaure wa gaban motar don a maƙala ƙarfen ja, kuma da yake Wrangler tana da shasi na ainihi wanda bamba ke zaune a kansa, ɗaurin ba ya buƙatar yanke-yanken roba da kwance fuskar mota kamar yadda ake yi wa ƙananan motoci. Akwai ma bamba ta ƙarfe da ake sayarwa da wurin maƙalawa a jikinta. Shi ƙarfen ja, mai hannu biyu da ke buɗewa su kulle da kansu idan an fara tafiya, ya kamata a zaɓi wanda ƙarfinsa ya zarce nauyin motar sosai. Na laba 6,000 zai wadatar da mai ƙofa biyu, amma wanda yake da 4xe ko motar da aka yi wa ƙarin kaya gara ya nemi na 8,000 ko 10,000. Yana da kyau kuma a biya ƙarin kuɗi don nau'in da ke da maɓallin sakin hannu ko da yana cikin matsi. Wanda ya taɓa tsayawa a gangare yana bugun fil da guduma saboda nauyin motar ya danne shi ya san amfanin wannan. Sai igiyoyin ƙarfe na tsaro guda biyu da ake gittawa a ƙarƙashin ƙarfen ja, da wayarin da zai sa fitilun bayan Wrangler su riƙa amsa birki da sigina na babbar motar, da wata waya da ke yi wa batirinta caji a hanya. Idan aka haɗa kuɗin kaya da ladan makanike, ba abin mamaki ba ne lissafin ya haura dala 3,000, kuma farantin gaban ba ya komawa wata mota idan an sauya.

Na'urar ƙarin birki ita ce abin da wasu ke son tsallakewa don rage kuɗi, kuma da mota mai nauyin Wrangler wannan ganganci ne. Jihohin Amurka sun bambanta a kan nauyin da ke wajabta birki ga abin da ake ja. Da yawa sun tsayar da shi a laba 3,000, wasu ƙasa da haka, kuma babu Wrangler ta zamani da ba ta wuce wannan ba. Akwai nau'in akwatin da ake ajiyewa a gaban kujerar direba ya riƙa danna feda, kamar Brake Buddy da Patriot, wanda ake iya ɗauka daga wannan mota zuwa waccan, amma sai an saita shi duk lokacin tafiya. Akwai kuma wanda ake dasawa sau ɗaya a manta da shi, kamar InvisiBrake na Roadmaster ko Air Force One na Demco, wanda aka yi wa motocin gida masu birkin iska. Ga wanda ya sayi Wrangler saboda sauƙin haɗawa, na dasawa ne ya dace da manufarsa. Ko wanne aka zaɓa, dole ne ya kasance da makunnin da zai taka birki da kansa idan motar ta tsinke.

A kan hanya, Wrangler tana bin babbar mota lafiya lau matuƙar ƙarfen ja yana kwance daidai, wato bambancin tsayi tsakanin maɗauri da farantin gaba bai wuce inci uku ba. Wrangler da aka ɗaga ta da dogayen sifirin takan karya wannan ƙa'ida, sai an sayo mahaɗi mai ɗaga maɗaurin. Abu ɗaya da babu motar da ta tsira daga gare shi shi ne rashin yin ribas: da zarar an ja da baya, tayoyin gaban ƙaramar motar sukan karkace gefe guda, ƙarfen ja ya lanƙwashe. Idan aka shiga gidan mai da ba shi da mafita ta gaba, sai dai a sauko a kwance, kuma a irin wannan lokaci ne ake gode wa motar da kwance ta ba ya cin lokaci.

Amma fa ba don a riƙa jan mota kawai ake sayen ta ba. Da zarar an kwance Wrangler an zauna a bayan sitiyari, sai aibobinta su bayyana. Tana da gatari guda miƙaƙƙe a gaba da baya, tsarin da ke da ƙarfi a kan duwatsu amma yake sa ta tsalle a kan kwalta mai gargada, sitiyarinta kuma yana buƙatar gyara a kai a kai idan ana gudu. Iska tana ƙara a jikin gilashinta da rufinta, musamman mai rufin tamfol. Injinta na V6 mai lita 3.6 da ƙarfin doki 285 ba ya kasawa, amma shan mansa yana wajen mil 20 a galan, abin da ƙananan motoci suka fi shi nesa ba kusa ba. Hawa cikinta ma aiki ne ga mai ciwon gwiwa, kuma kaso mai yawa na masu yawo da motar gida dattawa ne da suka yi ritaya. Mai ƙofa biyu, wadda ita ce ta fi dacewa da lissafin nauyi, kusan ba ta da wurin kaya idan akwai mutane a kujerar baya. Ga wanda zai je Moab a jihar Utah ko hamadar Arizona ya bi hanyoyin dutse da yashi, duk wannan farashi ne da ya cancanci biya, domin motar za ta kai shi inda sauran ba sa zuwa. Ga wanda iyakar yawonsa daga sansani zuwa kanti ne da gidan abinci, yana jan nauyin da ba ya amfana da shi, yana kuma biyan kuɗin mansa sau biyu, a tankinta da tankin babbar motar.

Irin wannan mutum ya fi dacewa da Ford Maverick ko Escape masu haɗin fetur da lantarki, waɗanda Ford ya yarda a ja su, ko kuma tsohuwar CR-V ta 2014 mai lafiya, wadda nauyinta yake wajen laba 3,500. Wanda yake son ƙarfin shiga daji amma bai gamsu da Wrangler ba zai iya duba Ford Bronco da ta dawo kasuwa a 2021, sai dai ita ma ba ta rage masa nauyi ba, kuma ta cikin allon mota ake saka ta a yanayin ja. Jeep Gladiator tana da tsari irin na Wrangler da ƙarin bodin ɗaukar kaya, tare da ƙarin tsawo da nauyi. A nan ya kamata a yi hattara da sunaye masu kama da juna, domin Bronco Sport ba Bronco ba ce kuma ba a jan ta a haka. A cikin gidan Jeep ma, Grand Cherokee mai tsarin jan taya huɗu na Quadra-Trac II ko Quadra-Drive II ana jan ta, mai Quadra-Trac I ba a ja. Cherokee ta 2014 zuwa 2023 kuma sai wadda ke da tsarin Active Drive II ko Active Drive Lock. Mai sayarwa a gidan motoci ba lallai ne ya san wannan bambanci ba, kuma maganarsa ba ta ɗaure kamfani idan giya ta ƙone. Abin da ke ɗaure shi shi ne shafin da ke magana a kan jan mota don yawon shaƙatawa a littafin jagorar wannan mota, ta wannan shekara, mai wannan giya.

Hukuncina shi ne, a fannin ja kaɗai Wrangler ba ta da na biyu a kasuwar yau, kuma ga mai babbar motar dizal ko mai E-450 da sikeli ya ba shi sarari, zan ba da shawararta ba tare da shakka ba. Ga mai Sprinter ko F-53 da ke tafiya a cike, mai ƙofa biyu ce kawai za a yi magana a kanta, ita ma sai bayan an auna. Wanda zai sayi ta hannu ya tabbatar mai jan taya huɗu ce, domin an sayar da wasu JK masu jan tayoyin baya kaɗai a shekarun farko na ƙirar, kuma waɗannan ba su da akwatin raba ƙarfin da ake magana a kai. Idan ya ga motar da farantin ja a gabanta, to ya san an riga an rage masa kuɗin kaya, amma ya sani cewa mitar tafiya ba ta ƙirga milolin da aka yi ana jan ta injin a kashe, alhali tayoyi da boris da gaɓoɓin sitiyari duk sun yi wannan tafiya. Ya sa makanike ya ɗaga gaban motar ya girgiza kowace taya, ya duba ƙusoshin farantin ko sun saki, sannan shi da kansa ya jawo gajeriyar sandar zuwa N ya mayar da ita kafin a fara maganar farashi.